Idon Barira Guda Ɗaya

Ku gyara zama, ga wata magana da nake so ku yanke mata hukunci.

Barira tela ce a wani gari na bakin kogi. Wata rana risho ya fashe mata a fuska. Ƙunar ta warke, amma fatar idanunta ta tattare ta ɗage sama, har ya zama ko barci take yi idanun a buɗe suke, suna bushewa. Likita ya ce sai an yanko fata daga bayan kunnenta an dasa, in ba haka ba makanta na tafe.

Mahaifinta, Malam Ɗanjuma, ya taɓa jin wa'azi a kan masu zuwa a rage musu hanci, a ƙara musu leɓe. Bai tambayi kowa ba, ya rantse da Allah cewa wuƙar kwalliya ba za ta taɓa 'yarsa ba. Barira tana kwance tana jin sa, ko ikon runtse ido ba ta da shi.

Yayanta Namadi ya bi zaure zaure har ya ɗauko tsohon malamin da ya karantar da mahaifin nasu. Tsohon ya ce, "Ɗanjuma, abin da aka hana shi ne sauya lafiyayyar halitta don neman ado. Gyara abin da wuta ta ɓata kuwa magani ne." Mahaifin ya ce ya gamsu, amma ya riga ya rantse.

Sai Gwaggo Hajjo, yayar mahaifin, ta fasa rumbunta ana tsakiyar damina, ta dire masa gero a gaba. Ta ce, "Ni na goye ka. Ga kaffara, ka ciyar da miskinai goma ka karya rantsuwar nan, ko ka daina kira na Yaya." Ya karya.

Duk watannin da aka ɓata ana wannan jayayya, Saude, ƙanwar Barira, ta ajiye karatunta ta zauna a gefen tabarma, tana ɗiga mata magani, tana lulluɓe idanun da jiƙaƙƙen ƙyalle. Likita ya ce ba don haka ba, da bai tarar da abin da zai ceta ba.

Aka yi aiki. Idon dama ya riga ya mutu tun ana musu. Na hagu kaɗai aka tsira da shi.

Ranar kwance bandeji, nas ta ce, "Mutum ɗaya zai shigo. Wa kike so ki fara gani?" Barira ta kasa kunne wajen ƙofa. Tana jiyo tarin mahaifinta can ƙarshen baranda; ba a lissafa shi cikin masu shiga ba, shi ma bai nema ba.

To, tsakanin Namadi da ya kawo ilimi, da Gwaggo Hajjo da ta warware rantsuwa, da Saude da ta raya idon, wane ne ya fi cancanta idon nan guda ɗaya ya fara sauka a kansa?