Ranar da Jatau Maɗori Ya Karya Magana

Dalilin da ya sa magana take da gaɓa kamar yatsa, yau sai kun ji shi ko kuna so ko ba kwa so, domin wani a cikinku ya yi abin kunya. Ba zan kama suna ba, ya san kansa. Ɗazu da hantsi Baba Nomau mai facin keke ya tsaya ƙofar gidan nan yana neman ruwan sha, in'ina ta riƙe shi, sai wani mai kunnuwa kamar faifai ya laɓe bayan katanga yana kwaikwayonsa. Da kunnena na ji. Ku zauna. Kai ma mai sosa ƙeya, zauna, ban ce kai ne ba tukuna.

A zamanin da, can gaban kakannin kakanninmu, magana ba ta da gaɓa. Mutum sai ya ja numfashi ya cika ƙirji tam, sannan ya tsiyayo abin da zai faɗa gaba ɗaya, kamar ana zuba kunu daga ludayi, ba tsayawa. Kada wanda ya ce in gwada, ba ni da ƙirjin mutanen da. Da irin bakinmu na yanzu zan ba ku labarin.

To, a wani gari da ake kira Tudun Kanya suna da al'ada: maganar da ta katse a tsakiya mushe ce. Ba a ɗauka, ba a amsawa. In numfashinka ya ƙare kafin zancenka, sai kowa ya juya maka baya kamar ba ka ce komai ba.

A garin akwai wani maɗori, sunansa Jatau. Duk wanda ya karye ko ya goce ƙashi, gidansa ake kawo shi. 'Yarsa ɗaya ce, Tasalla, wadda tun tana ƙarama take miƙa masa kara da igiyar rama in yana ɗori. Ta ga aikin da ido har ta gaji, amma ba ta taɓa sa hannu ba.

Wata rana wani sa ya tunkuyi Jatau a ƙirji. Haƙarƙarin ya warke, amma numfashin bai dawo ba, hannuwansa kuma suka kama rawa. Ran da ya fara fita, ya buɗe baki zai gai da mutane, sai gaisuwar ta tsinke masa a tsakiya. Mutanen da ya ɗora wa ƙafa suka juya masa baya, da ƙafafun nan da ya ɗora musu! Kun ji halin mutane. Daga ranar Jatau ya rufe bakinsa. Shekara biyu cur ko tari ba ya yi a gaban kowa. Tasalla takan kawo masa fura kullum daga gidan mijinta, ya ɗaga mata kai, shi ke nan. Ita kuwa ba abin da take kewa kamar ta ji ya kira sunanta.

Tasalla tana da ɗa, Mati, ɗan shekara bakwai, mai ƙiriniya kamar wani da nake kallo yanzu. Ana cikin kaka aka ɗaga shi ya shiga rumbu ya miƙo dawa. Wajen fitowa ƙafarsa ta zame, ya faɗo, ƙwaurinsa ya karye. Kafin azahar ƙafar ta kumbura ta yi suntum.

Uban yaron, Shekarau, ya ce, "A ɗaura wa jaki shimfiɗa. Akwai maɗori a ƙetaren gulbi."

Tasalla ta ce, "Tafiyar kwana uku, Maigida? A kan jaki? Kafin ku isa ai babu sauran ƙafar da za a ɗora."

"To yaya kike so in yi? Tsohon naki ba hannu, ba baki."

"Ni ina da hannu. Shi kuma yana da abin da ke cikin kansa."

Ta sa aka ɗauki yaron a kan asabari har tsakar gidan ubanta, maƙwabta suka biyo baya suka cika gida. Ta durƙusa gaban Jatau ta ce, "Baba, ga jikanka. Ka faɗa min abin da zan yi, in yi."

Jatau ya dubi ƙafar, ya dubi hannuwansa da ke rawa, ya dubi mutane. Ya girgiza kai.

Mati yana kwance, hawaye ya jiƙe masa wuya, amma kun san tsakanin jika da kaka. Ya ce, "Tsoho, kallo ka tsaya yi? Daɗi kake ji ko? In na gurgunce ai ka huta, ba mai sace maka fura."

Bakin Jatau ya motsa. Ya ja numfashi iyakar ƙarfinsa, ya fara, maganar ba ta kai ko'ina ba ta tsinke. Nan take mutane suka juya baya, ɗaya bayan ɗaya. Har Shekarau, da yake mai tsoron bakin jama'a ne, ya juya.

Tasalla ba ta juya ba. Ta matso ta sa hannunta cikin nasa. Ta ce, "Baba, ni ba na jin ƙyamar mushen nan. Ba ni shi ko guntu-guntu ne, zan haɗa. Ba haɗa abin da ya karye ne aikin gidanmu ba?"

Tsoho ya kama yatsanta manuni. Ku ɗaga naku ku gani, kashi nawa ne? Uku. Ya danna gaɓa ta farko, ya ce, "Ta." Ya huta. Ya danna ta biyu, "sal." Ya huta. Ya danna ta uku, "la."

Tasalla ta tsaya kamar an dasa ta. Shekara biyu rabonta da sunan nan a bakin nan. Ta ce, "Na'am, Baba." Ta share ido da bakin zane, don ba lokacin kuka ba ne.

Da yake tana buƙatar hannuwanta biyu, sai Jatau ya saki yatsanta ya kama na Mati. Muryar tsohon ƙasa-ƙasa take, don haka duk guntun da ya faɗa ya danna, yaron ya maimaita da ƙarfi uwarsa ta ji.

"Ri," in ji tsoho. "Ri!" in ji Mati. "Ƙe. Gwi. Wa."

Tasalla ta ce, "Maigida, zo ka riƙe gwiwa."

Shekarau, yana fuskantar danga, ya ce, "Ni fa ban ji an ce komai ba."

"To zo ka riƙe gwiwar da ba ka ji an ce ka riƙe ba!"

Ya juyo sumui-sumui ya zo ya riƙe.

Tsoho ya ci gaba. "Ja. A. Han. Ka. Li." Kowace gaɓa ya danna, Tasalla ta ja ƙafar kaɗan. Nan ne abin mamakin yake, 'ya'yana. Da can in maɗori zai koya wa wani, sai ya zubo bayani gaba ɗaya, kafin hannu ya kama na farko na ƙarshe ya wuce. Yau kuwa magana tana tafiya daidai da hannu. Shi kuma Mati, hankalinsa ya tafi wajen jiran guntu na gaba, har ya rage ihu.

"Tsa," in ji tsoho. "Ya."

Ta tsaya. Ta ji ƙashi ya zauna a mazauninsa ƙarƙashin babban yatsanta. Ta shafa man shanu, ta naɗa tsumma, ta jera karan dawa kewaye da ƙwaurin, ta ɗaure da igiyar rama. Da ta ɗaga kai, sai ta ga mutanen duk sun juyo. Wata tsohuwa ma tana danna nata yatsan, leɓenta yana motsi.

Jatau ya jingina da bango, gumi ya rufe shi. Ya sake jawo yatsan jikansa, ya danna sau uku: "Ɓa. Ra. Wo."

Mati ya fashe da dariya har ƙafar ta yi masa zafi. Ya ce, "Na ji. Ka ajiye furar, ina zuwa."

Bayan kwana arba'in kuwa ya zo da ƙafarsa, ya shanye ta.

Daga nan abin ya bazu. Masu goyo suka ga jariri ma ƙaramin numfashi gare shi, suka fara kama musu yatsa suna cewa ba-ba, in-na, yara suka yi saurin buɗe baki. Tsofaffi da marasa lafiya da suka daɗe da yin shiru suka samu bakin gaisuwa. In an ji sabuwar kalma sai a miƙa hannu a ce, "Gaɓa nawa ce?" domin a kan gaɓar yatsa aka fara ƙirga ta. Sunan ya bi ta ke nan.

Shi ya sa har yau gwiwa gaɓa ce, mahaɗar kara da ta rake gaɓa ce, guntun kalma ma gaɓa ne. Duk wurin da abu yake tsayawa ya huta, sannan ya haɗu da na gabansa, sunansa ke nan. Tafin nan da malaminku yake sa ku yi a aji, ma-ka-ran-ta, kuna ganin shi ya ƙirƙiro? Ni ban zauna aji ba, a bayan buhun gishiri na koyi haɗa baƙi, amma na san inda ya samo shi.

Saboda haka Baba Nomau bai yi abin dariya ba. Ya ɗan daɗe ne a kan gaɓa ɗaya, kai kuma kana wucewa da sauri, amma hanyarku guda. Gobe in ya tsaya a kan "ru", mai kunnuwan faifai zai tsaya ya jira har ya kai "wa", sannan ya kai masa ruwan da hannu biyu.

Wanda kuma ya ce ƙarya na shirga, bismilla, ga fili. Ya tashi ya kira min sunan uwarsa a dunƙule, ba gaɓa ko ɗaya, in ji.