Gyaɗar Kaka Hinda a Ƙarƙashin Mikroskop

Akwai wani saurayi ɗan garin Dogo-Dogo, sunansa Nazir, yana karatu a wata jami'a can nesa da gida. Aikinsa a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, shi ne duba yadda ƙwayar gyaɗa take ajiye mai a cikinta.

Ana yanka gyaɗar siriri, a ɗiga mata wani rini, a kashe fitilar ɗaki. Da an haska ta a mikroskop, na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, sai ɗigo-ɗigon man su kama ƙyalli a cikin ƙwayoyin halittarta. Amma in hasken ya daɗe a kanta, ƙyallin dushewa yake.

Da ya zo hutu, ya roƙi kakarsa Hinda wani tsohon irin gyaɗa da marigayi mijinta ya bari. Ƙwari sun cinye rumbu, ɗan abin da ya tsira ta ƙulle a tsumma.

"Angona, ka yanki kaɗan ka maido mini sauran kafin ruwan shuka," in ji ta. "Ba wanda ke da shi a garin nan sai ni."

"Haba Kaka, ai ƙwaya kaɗan ta ishe ni."

Wallahi da gaske ta ishe shi. Ranar farko ya samu hoton da malaminsa yake so. To, amma mutumin naku akwai son a yaba. Duk wanda ya leƙo labo sai ya jawo shi: "Zo ka ga gyaɗar garinmu." Ƙyalli ya dushe, ya yanka wata.

Rashida, abokiyar karatunsa, ta ce, "Nazir, ƙullin nan fa yana raguwa."

"Ke dai ji da naki aikin," ya ce.

Ranar da ya zazzage tsumman, ɓawo kaɗai ya faɗo.

Ruwa ya sauka, Nazir ya koma gida. Ya tarar Kaka ta sa an share mata gefen gona. Ya durƙusa, sai ya miƙa mata waya da hoton gyaɗar a ciki.

Ta daɗe tana kallon hoton.

"Tubarkalla, ashe haka cikinta yake," ta ce a hankali. "To Nazir, wannan zan shuka?"

Ni kaina da na ji, kunya ta kama ni.

Darasi: Abin da aka ba ka amana ba na burge mutane ba ne. Ɗauki iya buƙatarka, ka mayar da sauran ga mai shi. Ku tura wa ƴan uwa su ma su karanta.