Allurar Hoto da Kunyar Yaya Sa'adiyya

Jama'ar wannan shafi, ku tsaya ku ji! Wallahi ko hijabin makaranta ban cire ba nake rubuta muku don murna.

Akwai wata yayata, Sa'adiyya, da aka kai aure bara daga nan Gwandu zuwa Wurogauri ta Kalgo. Tun bayan sallah ciwon kai ya sa ta gaba, har idonta ɗaya ya fara gani dishi-dishi. Likita ya ce sai an ɗauki hoton cikin kanta a babban asibiti, a tabbatar ba ƙari ne ya tsiro ba. Gidanmu hankalin kowa ya tashi. Mamarmu ko tuwo ta daina ci.

Yau da safe suka tafi. Mijinta ya yi kudu fatauci, don haka surukarta Inna Fatsuma ce ta raka ta, da babban yayanmu Tajuddeen mai karatun sinadarai a jami'a can Kalgo.

To kun san Yaya Tajuddeen da surutun boko! Tun a cikin bas ya fara:

"Allurar da za a yi miki kafin hoton, akwai wani sinadari a ciki, gadoliniyam. Shi ke sa wurin ciwo ya fito fes. Yanzu ma masana na ƙoƙarin haɗa shi da wani abu mai ƙyalli, inji ya gan shi a hoto, likita kuma ya ga wurin yana haske lokacin tiyata."

Inna Fatsuma ta ce, "To ɗan nan, kan ƙanwar taka za su mai da fitila ke nan?"

"A'a Inna, wannan bai iso nan ba tukuna."

Kowa a motar ya yi dariya, ban da Yaya Sa'adiyya.

Da suka isa, layi har bakin ƙofa. Wata nas mai suna Sista Madina ta fara yi mata tambayoyi. Ciwon ƙoda? Yaya Tajuddeen ya ce babu. Ƙarfe a jiki? Ya ce babu. Sai ta ce:

"Kina da juna biyu?"

"Ba ta da shi," in ji Yaya Tajuddeen. "Don Allah Sista a yi sauri, ga mutane na jira."

Sista ta kalle shi. "Malam, kai za a yi wa hoton?"

Ta juya ga Yaya Sa'adiyya. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, ta ce "a'a" can ƙasa-ƙasa, kamar ba ta so a ji.

Da wata nas ce, shi ke nan, sai allura. Amma Sista Madina ba ta yi gaggawa ba. Ta ce wa Inna Fatsuma da Yaya Tajuddeen su ɗan ba su wuri, za a canza kaya. Ta rufe ƙofa, ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

"Ƙanwata, nan babu suruka, babu yaya. Ni ce kawai. Gaya min gaskiya."

Sai Yaya Sa'adiyya ta fashe da kuka. Ashe ta kwana biyu ba ta ga al'ada ba! Cikin fari ne, ko Mamarmu ba ta gaya wa ba. Ta ya za ta buɗe baki ta faɗa a gaban uwar miji da yayanta namiji?

Aka yi gwaji, ciki ya tabbata. Likita ya ce wannan allura ba a yi wa mai juna biyu sai in babu makawa, don tana iya kaiwa ga abin da ke cikin. Aka shigar da ita injin ɗaukar hoton haka nan ba allura, yana ta ƙara kamar injin niƙa, ita kuma tana ta salati.

Jama'a, hoto ya fito, BABU ƘARI! Babu komai! Likita ya ce ciwon kan mai magani ne, ya ba ta wanda ba zai taɓa cikin ba. Alhamdulillah!

Amma ku ji ƙarshen. Da suka fito, Yaya Tajuddeen ya tare Sista:

"Ya aka yi ba a yi allurar ba?"

Sista ta kalli Yaya Sa'adiyya. Inna Fatsuma ce ta gyara mayafi ta ce:

"Bari dai, ɗan nan. Ni na sani tun ranar da ɗiyar nan ta gudu daga madafa don ƙaurin kifi."

Sista ta riƙe baki. "Inna! Kin sani kika yi shiru?"

"Yo ɗiyata, mi zan ce a gaban yayanta? Ni na ɗauka allura duk allura ce."

Yaya Tajuddeen ya nemi benci ya zauna. Ya ce shi kansa ya karanta cewa ba a yi wa masu ciki, amma ko kusa bai kawo ƙanwarsa a rai ba. Har suka biyo nan Gwandu don Mamarmu ta gan ta, bai sake cewa gadoliniyam ba. A tasha ya sayi lemo cike da leda, ya miƙa wa Yaya Sa'adiyya ba tare da ya kalle ta ba. Yanzu shi kunyar ta kama!

Mamarmu kuwa ga ta can tana cin tuwo, har da ƙari.

Darasi: Kunya ado ce a gida, amma a gaban likita ki faɗi gaskiyar jikinki, ko da a kunne ne. Masu rakiya, ku bar marar lafiya ya amsa da bakinsa. Ma'aikatan asibiti kuma, ɗan haƙuri irin na Sista Madina na iya tsare ran da ba a ma haifa ba. Ku tura wa yayyenku da ƙannenku mata, musamman amare, don Allah kar ku bar shi a wayarku.