Tutar Jana'izar Cinnaka

Dalilin da ya sa malam-buɗe-littafi ba ya iya sauka ko a kan ciyawa ba tare da ya buɗe fukafukai ya rufe ba, yara, daga bakin kabari ya samo asali. A wancan zamani Malam ba shi da fiffike ko ɗaya, da ƙafa yake yawonsa.

"Ninkewa ake yi, Buzuzu, ninkewa," in ji Malam, yana riƙe da gefen tuta. "Tuta ce, ba kashin shanu ba."

"Allah gafarta Malam, a mulmula ta kawai mu tafi," in ji Buzuzu ta cikin hanci, yana jan ɗaya gefen. "Rana na yi."

Cinnaka ne ya rasu, Sarkin Yaƙin ƙwari, ɗan mitsitsi amma ba wanda bai taɓa jin cizonsa ba. A al'adarsu, in jarumi ya mutu sai a lulluɓe makararsa da tutar gari, a bakin kabari a yaye ta, a ninke, a miƙa wa matarsa. Shekara da shekaru Malam ke wannan aiki, da shi yake taƙama. Ranar ce kawai aka haɗa shi da Buzuzu.

Wannan ya ja, wancan ya ja, makara na ta girgiza a ƙarƙashinsu, har tutar ta tsage zuwa tsakiya. Malam ya fizge abarsa, ya juya wa Buzuzu baya, ya hau ninki. A ninki na uku ya ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gero. Ya ce a ransa tsakuwa ce, ya sa gwiwa ya danne, ya ƙarasa ninki takwas cif. Ya durƙusa gaban Gwaggo Tururuwa, matar marigayin, ya miƙa mata, ya yi mata gaisuwa da irin muryar da yake ajiyewa don ranar makoki. Ta rungume tuta a ƙirji.

Sai Gara, masu haƙar kabari, suka miƙo hannu a ba su gawa. Aka duba makara, wayam.

Gyare da ke busa ya tsaya da baki buɗe. Aka kife makara, aka tona ƙasa, aka bi sawu har ƙofar gida. Fara ta rantse ba ta ci kowa ba, alhali ba wanda ya tambaye ta. Shi kuwa Malam, sai ya saci kallon gwiwarsa, gwiwar nan dai da ya yi danniya da ita. In ya yi shiru, aikinsa na nan, amma Gwaggo za ta kai mijinta gida ta sa a ƙasan akwati. In ya yi magana, ya gama ninke tuta a garin nan.

Ya ja ƙafa ya je gabanta. "Gwaggo, a yi haƙuri. Ina jin maigidan yana hannunki."

Gwaggo ta dubi tuta, ta dubi Malam, ta ajiye ta a ƙasa a hankali kamar mai ajiye jariri. Ta ce ya buɗe. Ya warware ninki ɗaya bayan ɗaya, jama'a na leƙe ta kafaɗarsa, har na takwas. Babu Cinnaka. Aka kakkaɓe, aka bi kalmasa da yatsa, aka ɗaga ta ga rana. Kowa ya san yana ciki, ba wanda ya gan shi.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta ce ba za ta karɓi tuta ba, ba kuma za ta fara takaba ba sai ta ga mijinta. Ta sa danginta suka ɗinke tsagaggiyar tutar a bayan Malam, ɓari ɗaya dama, ɓari ɗaya hagu, don kada ya ajiye ta wani wuri ya ce ya manta.

Shi ya sa har yau, duk inda Malam ya sauka sai ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya sake buɗewa. Tururuwa kuwa in sun zo wucewa a jere sukan tsaya su tambaye shi ko an gan shi. Sai Malam ya gyara murya ya ce, "Ai dama marigayin mutum ne mai kunya."