Gwauruwar da Ta Je Soke Layinta

A wani ƙauye da ke bayan dutse an yi wata gwauruwa, tana da gona ɗaya, da awaki huɗu, da ɗa guda. Da ɗan ya girma, ya ga gonar ba za ta riƙe su biyu ba, sai ya shirya tafiya wata ƙasa mai nisa inda ake haƙar zinariya. Kafin ya tashi ya kai uwarsa gari, ya saya mata waya, ya shiga da ita ofishin kamfanin layi, ya sa aka ɗora ta a kan tsarin biyan wata-wata domin kada kati ya riƙa yanke mata. Ya haddace lambar a gabanta, ya ce ko wayarsa ta ɓace, wannan lamba tana cikin kansa.

Shekarar farko yakan kira kowace Lahadi bayan an tashi sujada. Daga baya ya koma sau ɗaya a wata, daga nan kuma shiru. Ta nemi tasa lambar, aka ce a kashe take. Ba wanda ya kawo labarin mutuwarsa, ba kuma wanda ya ce ya gan shi.

Tun daga lokacin wayar ba ta rabuwa da haɓar zaninta. Ba ta kiran kowa, domin tana tsoron ya kira ya tarar ana magana. In wani ya kira ta gaisuwa, sai ta amsa a gaggauce ta kashe. Mutane suka ɗauka ta ƙi zumunci, suka bar ta.

Matar nan ba a cin ta a ciniki. In ta shigo kasuwa, masu gishiri da manja sukan ce wa juna a ɓoye riba, ga Mama ta iso. Takan taya, a ce albarka, ta juya kamar za ta tafi, a kira ta a sallama. Amma a farkon kowane wata, in ta isa ofishin nan mai sanyi, sai ta tuɓe takalmanta a bakin ƙofa, ta miƙa kuɗi da hannu biyu. A ganinta abin da aka rubuta a takarda aka buga wa hatimi kamar haraji ne, ba a tayawa.

Ma'aikacin da ke karɓar kuɗin mutum ne mai fara'a. Yakan ba ta kujera, ya yi mata sannu da hanya. Sau ɗaya ta tambaye shi abin da zai faru in ta kasa biya. Ya ce layin zai mutu, a ba wani lambar. Ba ta sake tambayar komai ba. Aka ƙara kuɗin, ta biya. Aka sake ƙarawa, ta biya. Awakin suka bi ta kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ba su dawo ba.

A shekara ta biyar ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu bai cika ba. Da bazara ta yi, abin da ya rage mata sai irin gero a cikin tukunya. In ta sayar, za ta riƙe lambar wata biyu, amma damina za ta same ta ba abin shukawa. Ta yi kwana uku tana duban tukunyar. A rana ta huɗu ta rufe ta, ta kama hanyar gari hannu wofi.

Ta zauna a gaban ma'aikacin, ta ce ta zo a soke, ƙarfinta ya ƙare. Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce, “Ɗana, ka rubuta mini a takarda, a ba wanda zai gaji lambar. In wani saurayi ya kira yana neman uwarsa, a ce masa tana nan da rai, ba ta tashi daga gidan ba.”

Kamfanin nan kuwa yana da ƙa'ida ga ma'aikatansa: duk wanda ya zo biya a karɓa, wanda ya zo sokewa kada a bar shi ya fita. Saboda haka ma'aikacin bai ɗauki alƙalami ba. Ya duba kwamfuta, ya ce ai tsohuwar abokiyar hulɗa irinta ba a rabuwa da ita haka, za a rage mata rabin kuɗin. Amma ko rabin ba ta da shi. Ta dafa gwiwa ta miƙe. Shi kuwa ya ɗauka ciniki take yi, ya yi dariya ya ce, “Haba Mama, yau kasuwa kika kawo mana ofis? To, zauna.” Ya sassauta murya ya ce akwai wani tsari da ba a biyan komai a wata. Ta sa katin da ta iya, ta kira wani ko sau ɗaya ne cikin 'yan watanni, lambar za ta zauna da sunanta.

Matar ta tsaya tana dubansa. Ta ce, “Tun yaushe ake da wannan?”

Ya ce tun kafin ta fara zuwa.

“Shekara biyar kana ba ni kujera. Me ya hana ka faɗa mini?”

Ya ce, “Mama, ba ki taɓa tambaya ba.”

Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dangwala yatsa a takardar sabon tsarin, ta koma gida. Da ruwa ya sauka ta shuka geronta. Amma da lokacin kiran da zai riƙe mata lambar ya gabato, ta zauna a bakin gona da wayar a hannu, ta rasa wanda za ta kira ba tare da ya yi mamaki ya tambaye ta ko lafiya ba.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Gwauruwar ita ce duk wanda ƙauna ta ɗaure wa hannu har ya zama mai sauƙin cuta. Ba wauta ce ta sa ta biya ba, ta fi yawancinmu sanin darajar abu. Tsoron rasa ɗanta ne, kuma akwai masu ci daga irin wannan tsoro.

Ma'aikacin nan kada ku neme shi cikin ɓarayi. Bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Ya san abin da zai 'yantar da ita, ya yi shiru domin shirun yana kawo riba, ya kuma lulluɓe shi da gaisuwa. Ina gaya muku, “ba ki tambaya ba” amsa ce da take wucewa a ofis, amma ba za ta wuce a gaban Ubangiji ba. Yaya mutum zai tambayi abin da bai san akwai shi ba? Wanda aka ba sani, shi ke da alhakin buɗe baki. Haka yake ga mai aikin asibiti, da mai raba taki, da mai karanta wa dangi takardar gado, har da mai wa'azin da yake tsorata tsofaffi cewa albarka za ta yanke in baikon majami'a ya ragu. Allahnmu ba ya ɓoye alherinsa a bayan kantar ofis sai mutum ya ce zai tafi. Tun farko ya shimfiɗa shi a fili, kyauta, cikin Yesu Almasihu. Duk wanda ya sa masa kuɗi, zai ba da amsa.

Sauran kuma namu ne, kuma shi ya fi mini zafi. Matar nan tana da majami'a. Kowace Lahadi tana zama kusa da masu karatu, waɗanda da sun karɓi takardarta sun duba, da an gama maganar kafin a rufe addu'a. Sun ga awakinta suna ƙarewa. Sun ce ta cika ƙin mutane, suka wuce.

Kada ku tambaye ni ko ɗan ya kira. Ban sani ba, kuma ba hannunmu yake ba. Abin da yake hannunmu shi ne wannan: akwai tsohuwa a bencin da kuke zaune, akwai dattijon da 'ya'yansa suka watse. Yau in an tashi, kada ku tsaya a sannu Mama, sannu Baba. Ku zauna, ku tambayi abin da suke biya da wanda suke biya wa, ku karanta musu takardar duka, har ƙananan rubutun da ke ƙasa. In aikin ya kai ga zuwa ofis, ranar Litinin ku je tare.