Alƙalin da Ya Cinye Damina Uku

A nan cikin Damagaram, ba a wata duniya ba, an yi wani mutum. Sunansa ba zai fito daga bakina ba. Abin da zan ce kawai, dogo ne, mai wushirya, kuma matarsa ta fi kowa tsadar turare a gidan biki. Wadda ta gane, ta riƙe a cikinta.

Ɗan talakawa ne. Allah ya ba shi kai, ya yi lakkwal, karatun boko, har Yamai, ya dawo aboka, mai tsaya wa mutane gaban shari'a. Metir ake ce masa. In ya zura baƙar rigar nan mai farin ƙyalle a wuya ya buɗe baki, har jandarman ƙofa sai ya manta da aikinsa. Amma ba baki ne babban makaminsa ba. In ya ga wanda yake karewa ba shi da gaskiya, ba ya musu. Sai ya nemi a ɗage zama. A ɗage, a sake ɗagewa, har mai gaskiya ya gaji ya koma gida.

Bayan shekara goma sha biyu aka ɗora shi kujerar alƙali. Ya yi rantsuwa, aka yi walima, mu ma mun ci tuwon. Ya kuma riƙe rantsuwarsa yadda ya fahimce ta: bai karɓi ko kaza ta kowa ba, bai taɓa sa hannu kan hukuncin ƙarya ba. Da wannan yake alfahari.

Ana nan sai ga ƙarar wata gona a Durum. Mai ita Zuliha ce, mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu da gonar nan guda ɗaya. Wani attajiri, Alhaji Abdulmumin, ya ce tasa ce. Mai gari da dattawa sun ce ta Zuliha ce, Alhaji ya kawo magana jastis, wato kotu. Aka ce kada kowa ya sa fartanya a wurin sai an yanke hukunci.

Alƙali ya buɗe takardu, kallo ɗaya ya ga gaskiya. To amma Alhajin nan shi ne mutum na farko da ya yarda da shi lokacin da ba wanda ya san shi. Ina zai sa idonsa in sun haɗu a masallacin Juma'a? Ya ce a ransa, ba zan ba shi ba, ba kuma zan hana shi ba. Ya ɗage zama.

Ya 'yan'uwa, Alhaji yana da rumbuna. Ita fa?

Ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suka fita da iri, ita tana tsaye a bakin iyaka tana kallo. Duk ranar zama tana zuwa, wani lokaci a amalanke, wani lokaci a ƙafa. Ran nan ta kasa daurewa, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, ko ƙwace mini za ka yi, ka ƙwace yau in sani. Damina ba ta jiran takarda."

Aka yi dariya. Shi ma ya murmusa. "Haƙuri, Inna. Shari'a ba ta son gaggawa."

Damina ɗaya ta wuce. Ta biyu ta wuce. A ta uku, irin geron da ta ɓoye tun zamanin mijinta, shi ta daka wa yara.

Sai wata Talata aka kira sunanta, wani tsoho ya tashi a madadinta. Ya ce shi Tanimu ne, wanta.

"Mun binne ta ran Alhamis, ranka ya daɗe. Ta bar maka saƙo, ta sa na rantse zan faɗa a gaban jama'a. Ta ce ba ta yafe ba. Ku haɗu gaban Allah."

Alƙali ya sha jin zagi, bai taɓa girgiza ba. Wannan karo bai ɗage zama ba. Nan take ya yanke hukunci, gona ta marayu ce. Bai kai minti biyar ba! Abin da ya ci damina uku, minti biyar.

Washegari ya ɗauki liman suka nufi Durum. Mutumin da ake miƙe masa in ya shigo, ya durƙusa a ƙasa gaban Tanimu.

Tanimu ya ce, "Gona mun karɓa, mun gode. Yafiya kuwa ba tawa ba ce balle in ba ka. Mai ita ta tafi da abarta."

Alƙali ya juya ga liman. Shi da ya san kowace ƙofa ta doka, ya ce a nuna masa ƙofa ɗaya. Liman ya ce ya yi sadaka, ya yi mata addu'a, ya riƙe marayun. Alƙali ya ce, "Duk zan yi. Shi ke nan an wanke ni?" Liman ya sunkuyar da kai. "Hakkin bawa ne, ranka ya daɗe. Ba ni da wannan tabbacin."

Daga ranar kansa bai koma daidai ba. Tsoron jinkiri ya kama shi, har ya riƙa yanke ƙara ashirin kafin azahar ba tare da ya karanta ba. Masu bincike suka zo daga Yamai, aka sauke shi. Matarsa mai turaren nan ta kwashe kayanta. Alhaji kuwa ko sannu.

Yanzu in kun bi ta ƙofar jastis da hantsi, za ku ga wani dogo zaune a gindin bango, ba takalmi. Ba ya roƙon komai. Duk macen ƙauye da ta zo wucewa sai ya miƙe ya ce, "Inna, ke ce ta Durum? Tsaya, magana ɗaya ce."

Ya 'yan'uwa, bai ci hanci ba, bai yi ƙarya ba. Gaskiya ya gani ya zauna a kanta. Mu fa? Hakkin wa ke hannunmu muna cewa sai gobe? Ki tashi ki kai wa mai shi tun yana da bakin da zai ce ya yafe.

Allah ya kiyaye mu da hakkin wanda ya riga mu shiga ƙasa. Amin.