Mazubin Ƙwan Hakimi

Mahaifina Nomau, Allah ya jiƙansa, masaƙin kwando ne. Shi ke jera ƙwan zabi cikin ƙaiƙayi idan hakimi zai aika gaisuwa birni. Wata damina jaki ya yi tuntuɓe, ƙwan ya farfashe, aka kira Baba fada.

Hakimi ya ce, "Nomau, ran Juma'a ka kawo mazubin da za a jefo daga kan soro ƙwai bai fashe ba. In ka kasa, ka bar mini gari."

"Ƙwai nawa, ranka ya daɗe?"

"Ko ɗaya ne."

Ran Juma'a Baba ya hau soro, ya zaro zabuwa daga cikin riga, ya jefo ta. Ta buɗe fiffike, ta sauka gaban hakimi.

"Ina mazubin?"

"Ga shi nan yana tonon ƙasa."

"Ƙwan fa?"

"Yana ciki, na lalluba da safe. A ɗan jira, shi ke buɗe kansa."

Fada ta zauna jiran zabuwa. Wajen azahar ta shiga gindin rumbu ta ajiye ƙwai. Hakimi ya jujjuya shi a hannu, babu ko tsaga.

"Saƙa mini irin mazubin nan goma."

"Ba saƙata ba ce, ranka ya daɗe. Amma in kaza ta kwanta kan wannan ƙwan wata guda, za a samu ɗaya. Goma kuwa sai na zauna a gari."

A garin muka binne shi bara. Zabin suna nan, kullum da yamma sai sun hau soro.